Iyayen Da Ke Horar Da Yaran Unguwa: Kyakkyawar Niyya Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Katsina, ko Bauchi bayan sallar la'asar, da wuya ya rasa ganin wani magidanci tsaye a bakin fili da usur a wuya, yara ashirin ko talatin suna kai da kawowa a gabansa a bayan ƙwallo guda. Sau da yawa akan tarar mutumin nan ma'aikacin gwamnati ne da ya taso daga ofis, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa da ya bar rumfarsa a hannun yaronsa, ko kuwa tsohon soja da ya yi ritaya. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, ba kuma mai biyansa ko kwabo. Yawanci abin da ya fara kai shi filin shi ne ɗansa yana cikin yaran. Ya je kiransa gida ya tarar ana dambe a kan bugun fanareti, ya tsaya ya raba, gobe ya koma, jibi ya koma, har yara suka laƙaba masa suna Koci, sunan kuma ya bi shi.

Irin waɗannan bayin Allah su ne ke riƙe da gindin wasanni a ƙasar nan, amma babu wata hukuma da ta san yawansu, balle ta san abin da suke koya wa yara. Ba shakka sun cancanci yabo, sai dai yabon baki ba ya koya wa mutum yadda zai yi da yaron da ya yanke jiki ya faɗi a fili, ba ya kuma tsare yara daga mugun da ya saje da mutanen kirki. Lokaci ya yi da gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi za su san da zaman waɗannan iyaye, su horar da su, su tantance su, su kuma tsare musu filayen da suke aiki a ciki.

Kamar yadda manya suka sani, a da makaranta ce ke ɗauke da wannan nauyi. Kowace firamare da sakandare da kwalejin horon malamai tana da malamin wasanni, da filin tamaula, da ranar gasar gidaje wadda iyaye da hakimai ke halarta. Daga makaranta ake zaɓen yaro zuwa gasar lardi, daga nan zuwa ta jiha, har ya kai ga Bikin Wasanni na Ƙasa wanda aka fara a Legas a 1973, Kaduna kuma ta karɓi baƙuncinsa a 1977. Bayan da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ɗalibai suka ninka, amma filaye da malaman wasanni ba su ninka ba. Da tafiya ta yi tafiya sai aka shiga yanka filayen makarantu ana gina azuzuwa, wani wurin ma shaguna, makarantun kuɗi kuwa da yawansu a gidajen haya suke, ko wurin da yaro zai yi tsalle babu. Giɓin da makaranta ta bari shi ne uban nan mai usur ya shiga ya cike da aljihunsa da lokacinsa.

Wanda ke ganin wannan aiki wasan yara ne kurum bai duba abin da ke jiran yaron da ba shi da wurin zuwa tsakanin la'asar da magariba ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda a Nijeriya. A watan Mayun 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mai da shi abin sha. Mutanen Kano sun san daba, na Bauchi sun san sara-suka, na Gombe sun san kalare. Duk waɗannan ƙungiyoyi daga cikin yaran da ba mai kiran sunansu da yamma suke samun mabiya. Yaron da ya san akwai babban mutum da ke jiransa a fili ƙarfe huɗu da rabi, wanda zai tambayi dalili idan bai zo ba, ya sami wani shinge da 'yan sanda ba za su iya yi masa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙasashen da suka ci gaba a wasanni ba su raina irin wannan mutum ba. A Amurka, ƙungiyar wasan ƙwallon gora ta yara da ake kira Little League, wadda ta bazu zuwa ƙasashe da dama, wani mutum ne mai suna Carl Stotz ya kafa ta a garin Williamsport a 1939, da kulob uku kacal, saboda yaran danginsa su sami wasa daidai ƙarfinsu. Har yau iyaye 'yan sa-kai ne ke tafiyar da ita. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yara ta AYSO, wadda aka kafa a jihar California a 1964, ta shimfiɗa doka cewa kowane yaro da ya yi rajista sai ya buga aƙalla rabin kowane wasa, ko gwani ne ko ba gwani ba. A Norway, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, tun 1987 aka tsara ƙa'idojin wasan yara: ba a buga jerin na ɗaya da na ƙarshe kafin shekarar da yaro zai cika 11, ba ya kuma shiga gasar zakarun ƙasa kafin shekarar da zai cika 13. Yawancin masu horar da ƙananan yara a can iyaye ne, amma ƙungiyoyin wasa na shirya musu kwas, kuma sai mutum ya kawo takardar shaida daga 'yan sanda kafin a damƙa masa yara. Wannan ƙasa ce ta kwashe lambobi 39 a gasar Olamfik ta lokacin hunturu a 2018, fiye da kowace ƙasa. Darasin da ke nan a fili yake: ɗan sa-kai yana yin aiki mai albarka idan an ba shi ilimi da doka, an kuma sa masa ido.

Nijeriya ba ta rasa yara masu baiwa. A 1985 Golden Eaglets suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙasar Sin, suka ɗauko kofin duniya na yara karo na farko da aka fara gasar. Sun sake ɗauka a 1993 da 2007 da 2013 da 2015, sau biyar ke nan, na 2013 kuwa a hannun Manu Garba. Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya bi ta Kano Pillars har ya ci wa ƙasa ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, da wasu biyu a ragar Iceland a 2018. Da wuya a sami ɗan wasa a cikin waɗannan da bai fara daga filin ƙasa na unguwa ba, a hannun wani da ba a taɓa buga sunansa a jarida ba. Amma tun 2015 kofin bai sake zuwa ba, gasar 2023 da ta 2025 ma Nijeriya ba ta sami shiga ba. Idan rijiya ta fara ba da laka, ba guga ake zargi ba, ƙasan rijiyar ake dubawa.

To, kamar yadda uban da ke horar da yara yake da haƙƙi a kan jama'a, haka jama'a ke da haƙƙi a kansa, kuma gaskiya ce za a faɗa masa. Abu na farko shi ne adalci. Babbar jarrabawarsa ɗansa ne na cikinsa. Idan ɗan Koci ne kyaftin, shi ke buga fanareti, shi ne ba a taɓa canzawa ko da ya gaji, alhali ɗan maƙwabci ya shekara yana ɗaukar jarkar ruwa bai taɓa shiga wasa ba, to yara sun koyi darasi, amma ba wanda aka yi nufi ba. Sun koyi cewa sanayya ita ce gaba da ƙwazo, kuma wannan darasi ne za su tafi da shi ofis idan sun girma. Akwai kuma kishiyar wannan, wato uban da ke tsananta wa ɗansa fiye da kowa don kada a ce yana son kai, yana zaginsa a gaban abokansa, a koma gida kuma a ci gaba da shari'ar wasa a kan tabarmar tuwo. Mafita ita ce doka ɗaya a rubuce wadda kowa ya sani: kowane yaro da ya halarci atisaye zai buga, muƙamin kyaftin kuma ya riƙa zagayawa. In da hali, wani uban ya riƙa yanke hukunci a kan abin da ya shafi ɗan Koci.

Abu na biyu shi ne gaskiya a kan shekaru. Wannan cuta ta daɗe tana kunyata ƙasar nan. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace damar shirya gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, aka shiga amfani da na'urar MRI ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce shekaru. A watan Agustan 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, Nijar kuwa ta fitar da masu riƙe da kofin duniya, ta wuce har ta halarci gasar duniya a Indiya a 2017. Wannan abin kunya ba a Abuja yake farawa ba. Yana farawa ne ranar da Koci ya sa saurayi mai aske gemu a gasar 'yan shekara 13 don ya ci kofin kansila. Yaron gaskiya ya rasa gurbinsa, wani lokaci ma ya tafi gida da karaya, wanda aka yi wa ƙaryar kuma ya koyi cewa babba ya halatta maguɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da rajistar makaranta sun isa su zama sharaɗin shiga kowace gasa.

Abu na uku shi ne lafiyar yara, kuma nan ne rashin horo ya fi yin ɓarna. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, amma har yanzu akwai masu ganin hana yaro ruwa a lokacin atisaye shi ne koya masa juriya. Wannan kuskure ne mai iya kisa. Wajibi ne Koci ya san wane yaro ne ke da sikila, wane ne ke da asma, wane ne ya tashi daga zazzaɓi, wane ne kuma ke azumi. Ya san cewa yaron da ya bugu a kai har ya ga jiri ba ya komawa wasa a ranar, ko da shi ne mai cin ƙwallo. A Amurka tun 2015 aka hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai. A Ingila yaron da bai kai shekara 12 ba, ba ya buga sha ɗaya da sha ɗaya a babban fili. Ana bi ta biyar-biyar, sannan bakwai-bakwai, sannan tara-tara, da ƙaramar ƙwallo daidai ƙafarsa. 'Yan Nijeriya ba za su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana karawa da Angola. A 2021 kuwa duniya ta ga yadda aka ceto Christian Eriksen na Denmark bayan zuciyarsa ta tsaya a fili, saboda waɗanda ke kusa sun san yadda ake danna ƙirji a farfaɗo da mutum. Wannan ilimi ne da ake koyo cikin yini guda, kuma bai kamata a bar mai kula da yara talatin ba tare da shi ba.

Abu na huɗu yana da nauyin faɗa, amma shiru a kansa ya fi muni. Duk inda aka tara yara a hannun babba ba mai sa ido, miyagu kan nemi hanyar shiga. A Ingila, daga watan Nuwamban 2016 tsofaffin 'yan wasa suka fara fitowa suna bayyana yadda masu horar da su suka lalata su tun suna yara. An ɗaure ɗaya daga cikin masu horarwar, Barry Bennell, kimanin shekara 30 a 2018, rahoton binciken da aka fitar a watan Maris 2021 kuma ya ɗora wa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar laifin jan ƙafa wajen kare yara. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da rajista da doka, babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa unguwannin nan sun tsira. Mutumin kirki ba ya jin haushin a tantance shi. Ƙa'idojin ba su da wuya: manya biyu a kowane atisaye, ba a kai yaro ɗakin Koci, ba a tafiya wani gari sai da izinin iyaye da rakiyar ɗaya daga cikinsu. Haka kuma ya zama Koci ne na farko da zai kori dillalin da ya zo da alkawarin kai yaro Turai idan an sayar da gona an ba shi kuɗi. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan.

Akwai iyaye da malamai da ke ƙorafin cewa tamaula tana raba yaro da karatu da salla da Islamiyya. Ƙorafin yana da tushe, domin an sha ganin haka. Amma maganinsa yana hannun Koci. A cikin yaran da ke gabansa, da wuya ko ɗaya ya ci abinci da ƙwallo idan ya girma, amma dukansu za su bukaci karatu da sana'a. Kocin da ke duba sakamakon jarrabawa kafin ya ba da riga, wanda ke tsara atisaye yadda ba zai ci karo da makarantar allo ko Islamiyya ba, wanda ke busa usur ɗin tashi kafin kiran magariba, shi ne zai ga iyaye da kansu suna kawo masa 'ya'yansu.

Abin da ya rage shi ne aikin hukuma, kuma ba mai tsada ba ne. Na ɗaya, hukumar wasanni ta kowace jiha ta buɗe rajistar masu horar da yara a kowace ƙaramar hukuma, da shaidar mai unguwa da ta iyayen yara. Wajibi ne rajistar ta zama kyauta. Ranar da aka mai da ita hanyar tara haraji ko ta saka wa 'yan jam'iyya, mutanen kirki za su ajiye usur su koma gida. Na biyu, a shirya kwas na mako ɗaya a lokacin dogon hutu, a koyar da agajin gaggawa, da wasan da ya dace da kowane rukunin shekaru, da kare mutuncin yara. Ba sai an tura kowa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ba, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da kwalejojin ilimi na jihohi suna da sassan koyar da ilimin motsa jiki da lafiya, malamansu da ɗalibansu kuma za su iya wannan aiki. Na uku, a yi dokar da za ta hana yanka filin wasa na makaranta ko na unguwa, a kuma buɗe filayen makarantun gwamnati ga kulob-kulob masu rajista bayan an tashi. Jami'in ƙasa da safiyo da ya sa hannu aka mai da fili shaguna ya sani cewa yaran da ya kora ba ɓacewa za su yi ba, lungu za su koma. Na huɗu, kayan wasa da akwatin magani su tafi kai tsaye hannun kulob, ba sai lokacin zaɓe ya ƙarato a kawo riguna masu hoton ɗan takara ba. Na biyar, a farfaɗo da gasannin ƙananan hukumomi yadda za su riƙa ciyar da manyan gasanni irin Kofin Ramat, wanda ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad.

Kada kuma a manta da 'ya'ya mata. Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a 2025, amma 'yan mata da yawa a Arewa sukan gama makaranta ba su taɓa yin tsere ko wasan ƙwallon raga ba, alhali lafiyar jiki ba ta namiji ce kaɗai ba. Iyaye mata, musamman malamai da ma'aikatan jinya, za su iya ɗaukar wannan nauyi a cikin harabar makarantun mata, cikin sutura da tsarin da iyaye za su aminta da shi. Duk kwas ɗin da za a shirya ya kamata a ware musu gurbi.

Sauran iyaye kuwa, waɗanda ke turo 'ya'yansu su koma su kwanta, su tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bai dace mutum ɗaya ya sayi ƙwallo, ya biya kuɗin mota, ya kai wanda ya ji ciwo asibiti, sannan ranar gasa wani uba da ba a taɓa gani ba ya zo yana zagin alƙalin wasa yana tuhumar Koci don ba a sa ɗansa a gaba ba. Wanda ba shi da lokaci ya ba da kuɗi, wanda ba shi da kuɗi ya zo ya tsaya, domin tsayuwar tasa ma kariya ce. Ma'aikatan gwamnati da ke tashi aiki da la'asar, da ɗaliban manyan makarantu da ke zaman hutu, da masu yi wa ƙasa hidima, duk akwai gurbinsu a bakin fili.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Magidancin da ya rataya usur ya tsaya cikin ƙura da rana saboda 'ya'yan maƙwabta ya gaskata wannan magana a aikace. Ya rage ga kwamishinonin matasa da wasanni da shugabannin ƙananan hukumomi su sa kuɗin rajista da kwas da akwatin magani a kasafin shekara mai zuwa, tun kafin wata unguwa ta wayi gari da labarin yaron da aka rasa a fili saboda ba wanda ya san abin yi.